Idan Yaro Ya Ji Rauni A Gidan Raino: Hanyoyin Da Doka Ta Buɗe Wa Iyaye

Tun da sanyin safiya, a Kano da Kaduna da Abuja da sauran manyan birane, ana ganin iyaye mata ma'aikata da 'yan kasuwa suna miƙa jariransu a ƙofar gidajen raino, da jakar kaya da kwalbar madara, su wuce ofis ko shago. Galibi yaro kan dawo gida lafiya da yamma. Wata rana kuwa sai waya ta yi ƙara da tsakar rana, a ce uwa ta hanzarta zuwa, ko kuma sai an zo wanka da dare a ga ƙuna a cinya ko kumburi a ƙeya. Idan an tambaya, amsar ba ta cika wuce "faɗuwa ya yi" ba. Wanda abin ya faru a kansa kuma bai iya magana ba tukuna.

A nan ne yawancin iyaye kan tsaya cikin ruɗu. Dangi na cewa a bar wa Allah, mai gidan rainon na ba da haƙuri, asibiti kuma na neman kuɗin aiki. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne dokokin Najeriya sun tanadi hanyoyi aƙalla huɗu a irin wannan hali: shari'ar laifi, ƙarar neman diyya, ƙorafi ga hukumomin da ke sa ido, da sulhu. Kowace da amfaninta da iyakarta, kuma bin ɗaya ba ya rufe ƙofar sauran.

Me ya sa batun ke ƙara girma?

Dokar Ƙwadago ta ba mace mai aiki hutun haihuwa na mako 12. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna samun aƙalla mako 16, yayin da jihohi irin su Legas da Kaduna suka kai nasu wata shida. Mai shago a kasuwa kuwa ba ta da wani hutu sai wanda ta ba kanta. Ga shi kuma zaman birni ya raba ma'aurata da babban gida, inda a da kaka ko gwaggo ke riƙe jariri. Sakamakon haka yara 'yan wata uku zuwa huɗu suna wuni a hannun mutanen da ba su da wata alaƙa da su sai ta kuɗin wata.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta bar rainon yara 'yan ƙasa da shekara huɗu kusan kacokan a hannun masu zaman kansu, aikin gwamnati shi ne kafa ƙa'ida da sa ido. A 2007 aka fitar da mafi ƙarancin mizanin da cibiyoyin kula da ƙananan yara za su cika, wanda ya shafi gini da tsafta da abinci da ma'aikata. Sai dai gidajen raino da yawa a unguwanni ɗaki biyu ne a gidan haya, babu rajista, kuma babu jami'in da ya taɓa leƙa su.

Manyan al'amura sukan farkar da hukuma na ɗan lokaci. Bayan kisan Hanifa, yarinya 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace a Kano a watan Disambar 2021, gwamnatin jihar ta janye lasisin dukkan makarantu masu zaman kansu domin sake tantance su, kuma a ranar 28 ga Yulin 2022 Babbar Kotun jihar ta yanke wa wanda ya aikata hukuncin kisa. A ranar 12 ga Yulin 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos, aka rasa rayuka aƙalla 22. Waɗannan su ne suka cika kafafen labarai. Ƙunar ruwan zafi da karayar hannu da shaƙewa da abinci, waɗanda suka fi yawa nesa ba kusa ba, a tsakanin bango huɗu suke ƙarewa.

Tsakanin tsautsayi da sakaci

Ba kowane rauni ne ke haifar da haƙƙi a gaban kotu ba. Yaron da ke koyon tafiya dole ya faɗi, ko a gaban mahaifiyarsa ne. Abin da doka ke nema shi ne sakaci, kuma mai ƙara sai ya tabbatar da abu uku: cewa akwai nauyin kulawa a wuyan wanda ake ƙara, cewa ya gaza sauke nauyin, da cewa gazawar ce ta jawo raunin.

Na farkon ba ya ba da wahala. Duk wanda ya karɓi ɗan wani domin ya kula da shi, musamman a kan lada, nauyin ya hau kansa. Rigimar takan tsaya ne a kan na biyu. Ma'aunin da kotunan Najeriya suka gada daga dokar Ingila shi ne a tambaya ko an ba yaron irin kulawar da uba ko uwa mai lura za su bayar a irin wannan yanayi. Gwargwadon ƙanƙantar yaro, gwargwadon tsananin kulawar da ake bukata. Barin ɗan wata takwas a kan tebur a juya baya, ajiye tukunyar ruwan zafi ko maganin ɓera inda hannun yaro zai kai, barin rijiya a buɗe, miƙa yaro ga baƙon da iyaye ba su aiko ba, ko damƙa jarirai ashirin a hannun mai raino ɗaya, duk abubuwa ne da mai hankali zai hango ƙarshensu.

Wata shari'a da kotun ƙoli ta Birtaniya ta yanke a 1955, wadda ɗaliban lauya a Najeriya ke karantawa har yau, ta fayyace wannan. Malama ta bar wani yaro ɗan kimanin shekara huɗu na 'yan mintoci domin ta duba wani yaron da ya yanke. Yaron ya fice ta ƙofar makaranta ya hau titi, direban babbar mota ya kauce masa, ya daki turke ya rasu. Kotu ta wanke malamar, domin abin da ta yi shi ne abin da kowa zai yi, amma ta ɗora alhaki a kan hukumar makarantar saboda barin ƙofar da ɗan ƙaramin yaro zai iya ficewa ta cikinta. Darasin shi ne sau da yawa laifin yana ga tsarin gidan, ko da mai rainon ta yi iya ƙoƙarinta.

Akwai kuma ƙa'idar da ke taimakon iyayen da ba su ga yadda abin ya faru ba. Idan rauni irin wanda ba ya aukuwa ne sai da sakaci, kuma yaron yana hannun gidan rainon gaba ɗaya a lokacin, kotu na iya ɗaukar raunin kansa a matsayin alamar sakaci, ta nemi gidan ya yi bayanin da zai wanke shi. Jaririn da bai fara rarrafe ba ba ya karya cinyarsa da kansa.

Wa za a kama da alhaki?

Mai rainon da ta yi sakacin ita ce ta farko, amma galibi albashinta bai kai kuɗin jinyar mako ɗaya ba. Saboda haka doka ta ɗora wa mai ɗaukar aiki alhakin ɓarnar da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki. Mai gidan raino ba zai kuɓuta da cewa ba ya nan ranar ba. Ana iya kama shi kai tsaye ma, idan ya ɗauki ma'aikaciya ba tare da bincike ba, ko ya ci gaba da riƙe wadda aka taɓa kawo ƙorafi a kanta.

Yana da muhimmanci a san matsayin gidan a Hukumar Rajistar Kamfanoni. Idan sunan kasuwanci kawai aka yi wa rajista, mai shi ne ake ƙara da kansa, kuma dukiyarsa na iya shiga biyan diyya. Idan kamfani ne, kamfanin ake ƙara. Kuskuren sunan wanda ake ƙara ya sha kashe shari'o'i tun kafin a saurari gundarinsu. Idan raunin daga lalacewar gini ne, mai ginin ma na iya shiga. Dokar Inshora ta 2003 ta wajabta yi wa gine-ginen da jama'a ke shiga neman ilimi inshorar gobara da ruftawa da ambaliya, wadda ta haɗa da raunin masu amfani da ginin, kuma sabuwar dokar inshora ta 2025 ba ta sauke wannan wajibi ba. Tambayar ko gidan yana da inshora tana daga tambayoyin farko da lauya zai yi.

Kwanaki ukun farko

Yawancin shari'o'in irin wannan a kwanakin farko ake cin su ko a faɗi. Abu na farko shi ne asibiti, kuma sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowace cibiyar lafiya ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa. Kai yaro wurin mai ɗori kafin a ɗauki hoton ƙashi yana ɓatar da hujja, yana kuma ba wanda ake ƙara damar cewa a can ne aka ƙara lalata hannun. A nemi likita ya rubuta abin da ya gani da lokacin da ya gani, ya kuma faɗi ko raunin ya yi daidai da bayanin da gidan rainon ya bayar. Rahoton asibitin gwamnati yakan fi samun karɓuwa a wurin 'yan sanda.

Sai hotunan raunin tun ranar farko, da kayan da yaron ke sanye da su, da rasidin kuɗin makaranta wanda ke tabbatar da cewa yaron yana hannunsu, da duk rasidin magani. Saƙonnin WhatsApp tsakanin iyaye da gidan hujja ne, musamman idan bayani ya riƙa sauyawa daga safe zuwa yamma. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya amince da hujjar da ta fito daga waya ko kwamfuta, bisa sharaɗin takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka ciro bayanin. Don haka kada a goge saƙo, kada kuma a sayar da wayar.

Idan gidan yana da kyamarorin tsaro, a rubuta takarda nan take ana neman a adana hoton ranar, a karɓi shaidar cewa takardar ta isa. Yawancin na'urorin sukan goge tsohon hoto da kansu bayan 'yan kwanaki ko makonni. Gidan da aka rubuta wa takarda sannan hoton ya ɓace yana da bayanin da zai yi, domin Dokar Shaida ta ba kotu damar ɗauka cewa hujjar da mutum ya ɓoye ba ta goyon bayansa.

Yaron da ya fara magana a bar shi ya faɗi abin da ya sani da bakinsa, ba tare da an sa masa kalmomi ba. Doka ta yarda yaro ɗan ƙasa da shekara 14 ya ba da shaida ba tare da rantsuwa ba idan kotu ta gamsu da hankalinsa, amma ba a hukunta mutum da wannan shaida ita kaɗai sai da wata hujja mai ƙarfafa ta.

Hanyar shari'ar laifi

Idan akwai duka ko azabtarwa ko lalata ko ganganci mai muni, batun ya zama laifi. Sashe na 238 na kundin Final Kod, wanda jihohin Arewa da Abuja suka gada tun 1960, ya tanadi ɗauri ko tara ga duk wanda yaro ɗan ƙasa da shekara 15 ke hannunsa ya cutar da shi ko ya yi watsi da shi da gangan, kuma hukuncin yana ƙaruwa idan lafiyar yaron ta taɓu ƙwarai. Wasu jihohi, kamar Kaduna a 2017, sun sake rubuta kundinsu, saboda haka lambobin sassan sun bambanta. Masu kare kansu sukan fake da sashe na 55, wanda ya ba malami damar ladabtar da ɗalibi. Sai dai sashen da kansa ya cire duk abin da ya kai ga mummunan rauni, kuma da wuya a gamsar da alƙali cewa dukan jaririn da bai san dama da hagu ba ladabtarwa ne.

A Abuja akwai kuma Dokar Haramta Cin Zarafin Mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, kuma jihohi da dama sun yi irin tata. Idan ana zargin lalata, cibiyoyi irin su Waraka da ke Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad a Kano da cibiyoyin Salama a Kaduna suna duba yaro, su adana hujja, su ba da rahoton da kotu ke karɓa. A irin wannan hali sa'o'i ma suna da tasiri, kuma an fi so a kai yaron kafin a yi masa wanka.

Ana fara wannan hanya da kai rahoto ofishin 'yan sanda. Idan suka yi jan ƙafa, ana iya rubuta wa Kwamishinan 'Yan Sanda ko Antoni-Janar na jiha, kuma a jihohin Arewa an saba da shigar da ƙorafi kai tsaye a kotun majistare. Abin lura shi ne da zarar an shiga, shari'ar ta zama ta gwamnati, iyaye shaidu ne kawai. Ana kuma bukatar hujjar da ta kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana, wanda ma'auni ne mai tsauri. Duk da haka, Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 da takwarorinta na jihohi sun ba kotu ikon umartar wanda aka samu da laifi ya biya wanda ya cuta diyya da kuɗin magani.

Akwai iyakar da ya kamata a sani. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rigimar da ba ta laifi ba, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Iyayen da suka yi amfani da sanayya aka tsare mai gidan raino domin a matsa masa ya biya kuɗi na iya wayar gari su ne ake ƙara.

Hanyar neman diyya

Wannan ita ce hanyar da iyaye ke riƙe da linzaminta. Yaro ba ya shigar da ƙara da kansa, uba ko uwa ko waliyyi ne ke tsaya masa, amma da sunansa ake yi kuma haƙƙin nasa ne. Ma'aunin hujja a nan ya fi sauƙi: ya isa a nuna cewa bayanin mai ƙara ya rinjayi na wanda ake ƙara. Shi ya sa mutum zai iya kuɓuta a shari'ar laifi, amma a kama shi da diyya a kan abu guda.

Diyyar iri biyu ce. Akwai ta kuɗin da aka kashe, wato asibiti da magani da sufuri da ranakun aiki ko ciniki da aka rasa, kuma wannan sai an lissafa ta dalla-dalla an kawo rasidi. Akwai kuma wadda alƙali ke ƙiyastawa saboda raɗaɗi da tabo da nakasa da abin da raunin zai hana yaron a gaba. Idan rai ya salwanta, dokokin jihohi kan mutuwa ta sanadin ganganci sun ba makusanta damar neman diyya.

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ƙara wa wannan hanya ƙarfi. Sashe na 1 ya ce maslahar yaro ce kan gaba a duk matakin da ya shafe shi, sashe na 11 kuma ya haramta cutar da yaro a jiki ko a zuciya, da yin watsi da shi, yayin da yake hannun iyaye ko hukumar makaranta ko duk mai kula da shi. Dokar ta kafa Kotun Iyali, inda ake sauraron shari'a ba a bainar jama'a ba, ake kuma sakaya sunan yaro. Ta fara aiki ne a Abuja kawai, sai kowace jiha ta yi tata: Legas a 2007, Kaduna a 2018, Kano a watan Mayun 2023. Da yake jihohin Arewa sun yi wa dokar gyare-gyare domin ta dace da addini da al'ada, dokar jihar da abin ya faru ita ce abin dubawa.

Abu biyu sukan karya wa iyaye gwiwa. Na farko takardar da aka sa wa hannu ranar rajista, mai cewa gidan ba shi da alhakin duk abin da ya sami yaro. Kotuna suna fassara irin wannan sharaɗi a ƙuntace, kuma Dokar Gasa da Kare Masu Saye ta 2018 ta haramta sharuɗɗan zalunci da waɗanda ke neman wanke mai sana'a daga mummunan sakacinsa. Babu kuma yarjejeniyar da ke halatta laifi. Na biyu shi ne lokaci. A jihohi da dama wa'adin shigar da ƙarar rauni shekara uku ne, ko da yake wasu dokokin suna ɗaga wa ƙananan yara ƙafa. Idan kuwa gidan rainon na ma'aikata ko asibiti ko jami'ar gwamnati ne, dokar da ke kare jami'an gwamnati na iya taƙaita wa'adin zuwa wata uku kacal. Wanda ya ɓata wata huɗu yana jiran alkawarin kwamiti na iya tarar da ƙofa a rufe.

Abin da shari'ar Musulunci ta tanada

A jihohi 12 da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci daga shekarar 2000, Musulmi suna da zaɓin zuwa kotun shari'a, muddin wanda ake ƙara yana ƙarƙashin hurumin kotun. A fiƙihun Malikiyya, wanda aka ɗauka aiki amintacce ne, ba ya lamuni sai idan ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. Wannan ya yi kusa ƙwarai da ma'aunin dokar da aka gada daga Turawa.

Inda aka bambanta shi ne an ƙayyade diyyar gaɓoɓi tun asali. Cikakkiyar diyyar rai a kisan kuskure, wadda aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta, raƙuma 100 ce ko dinari 1,000 na zinariya. Ido ɗaya rabin diyya ne, yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5. Raunin da ba a ƙayyade masa ba, idan ya bar aibi, alƙali ne ke ƙiyasta shi, kuma ba a yanke hukunci sai rauni ya warke an ga inda ya tsaya.

Wannan ya taɓo wata fahimta da ta yaɗu, cewa neman haƙƙi rashin tawakkali ne. Shari'ar da ta koyar da imani da ƙaddara ita ce ta wajabta diyya a kan kuskure. Bugu da ƙari, malaman Malikiyya sun bayyana cewa diyyar raunin yaro dukiyarsa ce, waliyyi ba ya da ikon yafe ta haka kawai sai inda maslahar yaron take. Uban da ya ce ya yafe saboda kunyar maƙwabci, alhali 'yarsa za ta rayu da shanyayyen hannu, ya yi kyauta ne da abin da ba nasa ba.

Sulhu, da sharuɗɗansa

Shari'a mace ce da ciki, in ji masu iya magana, kuma ƙarar diyya a Babbar Kotu na iya cin shekaru kafin a zo ɗaukaka ƙara. Saboda haka sulhu yakan fi dacewa da raunin da ba na ganganci ba. Akwai cibiyoyin sasanci da ke ƙarƙashin manyan kotuna, wadda ta Legas ta fara a 2002, ta Abuja a 2003, ta Kano a 2009. Yarjejeniyar da aka cimma a can, idan alƙali ya sa mata hannu, tana zama hukuncin kotu. Hukumar Hisba da masu unguwanni ma suna sasanta jama'a, sai dai abin da aka ƙulla a gabansu yana bukatar a rubuta shi da shaidu kafin ya yi ƙarfi.

Sulhu mai kyau yana da alamomi. Ba a yin sa kafin likita ya faɗi ƙarshen raunin, domin bugun kai na iya ɓoye illarsa har watanni. Yana ambaton kuɗin jinyar da ke gaba, tare da wa'adin biya. Yana kuma ɗauke da gyaran da gidan zai yi, ko murfin rijiya ne ko ƙarin ma'aikata. Amma lalata da yaro ko azabtar da shi ba abin sasantawa ba ne a zaure. Wanda aka rufa wa asiri a unguwa ɗaya yakan koma wata unguwar ya nemi aiki a wani gidan rainon.

Hukumomi da masu taimako

Kashi na 14 na Dokar Kare Haƙƙin Yara, daga sashe na 163, ya wajabta wa gwamnati riƙe rajistar masu rainon yara 'yan ƙasa da shekara shida, ya ba ta ikon shiga ta duba wuri da soke rajista. A aikace, ma'aikatar harkokin mata da walwalar jama'a ko ma'aikatar ilimi ce ke wannan aiki, gwargwadon tsarin jiha. Ƙorafi a rubuce zuwa gare su ba ya kawo diyya, amma yana iya kai ga rufe gidan, kuma rahoton bincikensu hujja ne a kotu. Gidan da aka samu ba shi da rajista ya riga ya raunana matsayinsa.

Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana karɓar ƙorafi kyauta, kuma gyaran da aka yi wa dokarta a 2010 ya ba ta ikon yanke diyya. Hukumar Ba da Agajin Lauya, wadda ke aiki da dokar 2011, tana tsaya wa marasa ƙarfi, haka ma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da ke da rassa a jihohi. Wasu lauyoyin kuma suna karɓar irin wannan ƙara bisa yarjejeniyar kaso daga abin da aka samu, wadda ya kamata a rubuta tun farko.

Hanyar da ta fi jan hankali a yau, wato wallafa hoton yaro da sunan gidan a Facebook ko TikTok, ita ce ta fi haɗari. Takan sa hukuma ta motsa, amma ɓata suna laifi ne a Final Kod, ana kuma neman diyya a kansa. Zargin da aka kasa tabbatarwa na iya mai da mai ƙorafi wanda ake tuhuma. Hoton kuma zai ci gaba da yawo har yaron ya girma ya gan shi.

Inda gizo ke saƙa

Idan aka dubi dokokin nan a jere, za a ga cewa ba ƙarancinsu ne matsalar ba. Giɓin yana wajen aiwatarwa. Kotunan Iyali ba su kankama a ko'ina ba. Jami'an duba gidajen raino ba su da yawa, ga ƙarancin abin hawa. Babu tsarin da ya tilasta wa gidan raino sanar da hukuma duk lokacin da yaro ya ji mummunan rauni, saboda haka babu wanda ke riƙe da cikakken lissafin abin da ke faruwa. Rajistar masu laifin lalata da aka ƙaddamar a 2019 tana nan, amma masu ɗaukar ma'aikatan raino ƙalilan ne ke duba ta.

Akwai kuma ɓangaren masu gidajen, wanda adalci ya sa a ambata. Da yawansu mata ne masu ƙaramin jari, suna karɓar kuɗin da bai taka kara ya karya ba, domin abin da iyaye ke iya biya ke nan. Tsaurara ƙa'ida ba tare da sauƙaƙa rajista da horar da ma'aikata ba zai iya tura su ɓoye, inda ido ba ya kaiwa sam. Jihar da ke son gyara za ta haɗa biyun: rajista mai sauƙi da araha, horon taimakon farko ga kowace mai raino, iyakar yawan yara a hannun mutum ɗaya, da ziyarar ba-zata.

Kafin hakan ta samu, abin da ke hannun iyaye shi ne tambaya tun ranar farko: ina takardar rajista, yara nawa ke hannun kowace mai raino, wa ya iya taimakon farko, wane asibiti ake kai yaro, wa ke da izinin ɗaukarsa. Gidan da ya ji haushin waɗannan tambayoyi ya riga ya ba da amsa. Idan kuma abin da ake gudu ya auku, haƙuri da neman haƙƙi ba sa karo da juna. Iyayen da suka tsaya har aka rufe rijiyar da ɗansu ya faɗa sun tsare 'ya'yan wasu da gobe za a miƙa a ƙofar gidan.